'Yan mazan jiyanmu da abinda ke hana su barci

Kaduna garin sojoji ne, wannan ko baƙon da ya sauka tashar Kawo jiya ya gani da idonsa. Hedikwatar runduna ta ɗaya tana nan, makarantar horar da hafsoshi ta NDA tana nan tun 1964 daga tsohon matsuguninta har sabon na Afaka, sojan sama suna Mando, masana'antar makamai tana Kakuri, ka miƙa hanyar Zariya ka tarar da Jaji, ka ƙarasa Zariyar ga Daffo inda ake horar da kurata tun 1924. Toh duk wannan jama'ar da ake ɗiba ana sa musu kaki wata rana ajiye shi suke yi, kuma da yawansu basa komawa ƙauyukansu, nan suke samun ɗan fili su yi ciki da falo ko su kama haya, Hayin Banki ne, Unguwar Dosa ce, Rigasa, Mando, Sabon Tasha, Kakuri, ba unguwar da zaka shiga a rasa wani Baba Saje ko Baba Kofur. Sahu ɗaya muke tsayawa da wasunsu, wasu kuma coci ɗaya suke zuwa da maƙwabtanmu, a shagonsu muke sayen burodi da katin waya, amma abinda ke cikin kan waɗannan bayin Allah kusan ba mai tambaya.

Abinda muka iya cewa dai shine halin soja. In mutum ya daka wa ɗansa tsawa har maƙwabta suka leƙo don kawai ya bar ƙofa a buɗe, halin soja. In ƙarfe biyun dare ana jin takunsa yana zagaye tsakar gida da tocila, halin soja. In taya ta fashe a titi ko yara suka tada nokawut lokacin Kirsimeti ya zube ƙasa ko ya yi bayan kanta, sai majalisa ta kwashe da dariya wai Saje har yanzu yana Laberiya. Wasu su ce allurar soja ce ta motsa, wasu su ce wiwin da ya sha a bariki ne ya fara tambayarsa, masu tausayi kuma su ce jifa ne ko iska, a nemo mai ruƙiyya. Soja marmari daga nesa, shikenan an rufe zancen, kowa ya ja yaransa.

Ni dai ra'ayina, kuma shine dalilin wannan rubutun, kaso mai yawa na abinda muke kira halin soja ciwo ne, ciwo mai magani, kuma lokacin da yafi cin mutum ba lokacin da yake bakin daga bane, sai bayan ya dawo gida ya miƙa kayan gwamnati.

Kafin wani ya ɗauki maganar ya kai ta inda ban aike ta ba, ba duk tsohon soja ne mara lafiya ba. Mafi yawansu sun je sun ga abinda suka gani sun dawo sun riƙe gidajensu, wasu ma sun fi mu da bamu taɓa jin ƙarar harsashi ba natsuwa da tsari. Amma akwai waɗanda abun ya zauna musu. Mutumin da ya yi wata da watanni a rami yana kwana da takalmi, kunnensa a buɗe, duk motsin ciyawa zai iya zama ajalinsa, jikinsa koyon zaman shiri yake yi, kuma wannan koyon shine ya dawo dashi da rai. Matsalar ita ce wani jikin baya gane cewa an dawo. Sai ya zama kamar ƙararrawar motar da ta lalace, ko akuya ce ta gifta sai ta ɗau kuka. Barci baya zuwa, in ya zo mafarkin wuri ɗaya ne kullum ya farka jiƙe da gumi, bai yarda ya zauna ya ba ƙofa baya ba, cunkoson kasuwar Sheikh Gumi ya gagare shi, wani ƙaurin babbakar layya kaɗai ya isa ya maida shi ranar da baya son tunawa. Likitoci suna ce masa ciwon firgicin bayan tashin hankali, in ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa. Tun yaƙin duniya na ɗaya ake ganinsa a jikin sojoji ana ce musu matsorata, sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin jerin cututtuka a hukumance, bayan abinda suka gani a sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Kuma ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba, ciwon damuwa na biye dashi, ga ciwon baya da gwiwa da baya ƙarewa, ga kunnen da ya toshe ko yake ta ƙara, ga wanda nakiya ta tashi kusa dashi ta girgiza masa ƙwaƙwalwa alhali ba tabo ko ɗaya a waje.

Mu a nan kowane zamani da nasa. Kakanninmu suna bada labarin 'yan Bama, waɗanda Turawa suka kwasa a yaƙin duniya na biyu suka je suka gwabza da Japan a daji. Sai na yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, waɗanda yanzu saura kaɗan kaɗan. Sai 'yan ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990 daga baya Saliyo, sai Darfur. Sai kuma wannan na yanzu da ya faro a Maiduguri a 2009 wanda sunansa kawai ake canzawa, Zaman Lafiya, Lafiya Dole, Haɗin Kai, ga dajin Birnin Gwari nan bayan gidanmu, ga Zamfara. Yaron da aka yaye daga Daffo yana ɗan shekara ashirin a farkon rikicin yanzu ya doshi arba'in, kuma rabin rayuwarsa ta girma a daji ya yi ta. Kun tuna a watan Agustan 2018 da sojoji suka yi bore a filin jirgin Maiduguri? Kukansu shine sun daɗe a fagen daga ba a canza su ba kuma ana shirin sake tura su wani wurin. Waɗannan sune masu yin ritaya yanzu da nan gaba kaɗan, wasu ma ajiye aikin suke yi da kansu tun lokaci bai yi ba, kuma unguwanninmu zasu dawo.

Akwai wani ɓangaren da ni a ganina yafi firgicin nauyi, kuma shine wanda basa faɗa ko da wasa. Tsoro daban, nauyin zuciya daban. Mutum ya bar abokinsa a baya saboda umarni ya zo a janye, kuma shi ne ya san matar abokin, ya ci tuwo a gidansu. Mutum yana shingen bincike yarinya ƙarama ta nufo shi da hijabi an ce ta tsaya bata tsaya ba, yana da daƙiƙa biyu ya yanke shawara, ko me ya yanke zai kwana dashi har ƙarshen rayuwarsa. Wanda kake yaƙa yana jin yarenka, wani lokacin kabbarar da kake yi ita yake yi. An kwashi mutum goma a mota nakiya ta tashi kai kaɗai ka fita, kowa yana ce maka barka ka gode Allah, kai kuma tambayar da ke ranka me yasa ni. Irin wannan ba da kwamanda ake hirarsa ba, ba kuma da uwargida ba, an koya masa tun yana kurtu cewa namiji baya kuka, mu kuma a gida mun ƙara masa da ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Toh ya haɗiye. Abinda yake samu ya danne dashi shine tiramol, ko kwalba a mami kasuwar bariki, ko hayaƙi, su ba shi barcin awa uku su karɓe masa sauran natsuwar da ta rage.

Wani lokacin tun cikin kaki abun yake fashewa mu gani a labarai. A Fabrairun 2020 a Malam Fatori wani kofur ya kashe abokan aikinsa 4 sannan ya kashe kansa. A Maris ɗin 2023 a Rabah ta jihar Sakkwato wani ya kashe kwamandansa da wasu biyu shima ya bi su. Irin waɗannan su ake ji saboda akwai bindiga da hayaniya. Na bayan ritaya shiru yake faruwa.

Ku duba yadda rayuwar bariki take. Bigila ce ke tada mutum, akwai fareti, akwai wanda zai san baka fito ba cikin minti goma, samanja zai aiko a duba ka ko don ya hukunta ka. Kana da kos met ɗin da kuka sha birgima tare a Zariya, ko baka yi magana ba in ya kalli idonka ya san yau ba lafiya. Kana da igiya a hannu, yara suna ƙame maka. Rana ɗaya duk wannan ya yanke. An ce ka fita daga kwatas, ka kwaso iyali zuwa gidan haya, giratuti da ka ɗora duk buri a kai ya zo a makare ko ya zo ka zuba a Keke Napep biyu da kiwon kaji da wani ɗan uwa ya ce ya iya, cikin shekara ɗaya babu kajin babu kuɗin. Akwai cibiyar koyar da sana'a ta masu shirin ritaya a Oshodi ta Legas, kuma tana da amfaninta, amma koya wa mutum yin sabulu ko kiwon kifi baya koya masa yadda zai wuni ba mai ba shi umarni ba wanda yake ba umarni. Ƙarshenta da yawa gadi suke komawa, mutumin da ya riƙe gada a Manrobiya yanzu yana buɗe wa ɗan shekara sha tara get yana ce masa kai maigadi baka ji hon bane. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya karya mutum ko ba firgicin yaƙi.

Amurkawa da suke ƙirga komai sun daɗe da gano haka, bincikensu ya nuna shekarar farko bayan barin aiki tana cikin lokutan da haɗarin yafi yawa. Ma'aikatarsu ta tsofaffin sojoji tana fitar da rahoto duk shekara, a 2022 kaɗai tsofaffin sojoji 6,407 ne suka kashe kansu, wato sama da mutum 17 kullum, kuma wajen bakwai cikin goma da bindiga ne saboda can tana ajiye a gida. Wani bincike na jami'ar Brown a 2021 ya ƙiyasta cewa cikin waɗanda suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumban 2001, 30,177 ne suka kashe kansu, alhali waɗanda suka mutu a fagen yaƙin 7,057 ne. Ninki huɗu kenan. Wannan fa ƙasa ce mai asibitocin tsofaffin sojoji na musamman, mai layin waya na gaggawa da tsohon soja zai buga 988 ya danna 1 a ɗauka ko ƙarfe nawa ne. Ba ina cewa lissafinsu shine namu ba, rayuwarmu daban, muna da dangi da maƙwabta da masallaci da coci waɗanda su da yawansu basu dasu, kuma wannan kariya ce ta gaske. Amma duk mai cewa ai wannan ciwon Turawa ne mu bamu dashi, bai zauna da matan sojoji ya ji ba.

Mu irin wannan mutuwar bata shiga takarda. Gajeriyar rashin lafiya ake cewa, ko an wayi gari an ganshi, a yi sauri a kai shi, don in gaskiya ta fita 'ya'yansa mata ma sai aure ya yi musu wuya. Ga kuma doka, Penal Code ɗin Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi da ɗaurinsa zai iya kaiwa shekara ɗaya, haka ma ta Kudu. Yanzu don Allah wa zai ɗauki mijinta ya kai asibiti ya faɗi gaskiyar abinda ya faru in yana tsoron ɗan sanda ne zai biyo baya? Gana ta soke irin wannan dokar a 2023. Mu a Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ci gaba ne ba laifi, amma bata taɓa wancan sashen ba. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma a duk ƙasar nan mai mutum sama da miliyan 200 basu kai 300 ba, kullum kuma jirgi na ɗibarsu zuwa Ingila da Saudiyya.

Kawuna ƙanin mahaifiyarmu ya yi Laberiya ya yi Saliyo, mutum ne mai barkwanci da, in ya zo fas gidanmu cika yake da yara. Bayan ritayarsa haƙƙinsa ya maƙale a wani ofishi, yau a ce takarda kaza gobe a ce suna bai fito ba, aikin gadin da ya samu kuma aka sallame shi saboda ya shaƙe wani direba da ya taɓa shi ta baya yana gyangyaɗi. Daga nan ya daina fita majalisa. Abinda ya tada hankalin matarsa ba faɗan bane, faɗa ta saba, shirun ne. Sai ta ga ya kyautar da rediyonsa da takalman da yake gogewa duk Asabar, ya bi mai shago da mai shayi ya biya 'yan basussukan da ba wanda ya tambaye shi, ya fara kiran 'yan uwa yana neman yafiya ba azumi ba tafiya Makka, kuma fuskarsa ta yi wani irin sakewa kamar wanda ya gama shawara. Bata kira mu ba, bata kira liman ba, kos met ɗinsa ta kira, wani dattijo Kirista mutumin Binuwai da ke zaune wajen Maraban Rido. Ya hau mota ya zo a ranar. Ita ta bamu labarin daga baya, tace ko ruwa bai sha ba ya ja kujera ya zauna gab da kawu yace, "Mutumina, ni ba baƙonka bane, tare muka kwana a rami. Faɗa min gaskiya, kana tunanin kashe kanka ne?" Tace ita da ke bayan labule sai da cikinta ya juya. Kawu ya yi shiru ya yi shiru sannan yace, "Ya zo min. Ba sau ɗaya ba." Mutumin ya juyo yace, "Madam, a shimfiɗa min tabarma, yau nan zan kwana, gobe da safe ni da shi zamu ga likita." Shima ashe yana shan nasa maganin shekaru, ba wanda ya sani sai matarsa. Kawu yana nan da ransa, har yanzu baya son nokawut kuma har yanzu wani daren sai a hankali, amma yana zuwa asibiti ranar da aka rubuta masa, ya koma tsokanar jikoki.

Da ni ne na yi masa wannan tambayar da kore ni zai yi, yace yaro me ka sani. Shi yasa nake ganin babban maganin da muke dashi a Kaduna wanda ba sai an jira kasafin kuɗi ba shine su kansu tsofaffin sojojin, su bi junansu. Tsohon soja baya buɗe cikinsa ga farar hula, amma wanda suka ci garin kwaki a kwano ɗaya zai iya faɗa masa kai tsaye kuma ya ji.

Sai maganar addini, don na san a nan za a tare ni. Eh kashe kai haramun ne babba, ba Musulmin da ke jayayya, Kiristoci ma haka suke ɗaukarsa zunubi, kuma wannan tsoron Allah ɗin ya riƙe mutane da yawa a daren da ba abinda zai riƙe su. Amma tsakani da Allah yadda muke amfani da maganar wani lokacin ƙara tura mutum rami take yi. Ya zo yace malam rayuwa ta ishe ni, amsar da zai samu ita ce raunin imani ne, ka yawaita istigfari, ka san makomar wanda ya yi haka. Ya tashi da ciwonsa an ƙara masa da cewa shi mai laifi ne. Alhali Annabi Sallallahu alaihi wa sallam cewa ya yi a nemi magani. Kuma akwai hadisin nan ingantacce na mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina ya kasa jurewa ya ji wa kansa rauni har ya rasu, Manzon Allah ya roƙa masa gafara. Mafi yawan malamai kuma sun tafi akan ana yi wa irin wannan mamacin wanka da sallah, bai fita Musulunci ba. Ba sauƙaƙa laifin nake ba, ina cewa ne wanda ya zo da ransa yana kuka, addu'a da asibiti tare ake haɗa masa. Ba wanda ke cewa mai ciwon suga ya bar allura ya riƙe tofi kaɗai. Liman ko fasto da zai ce bari mu yi addu'a sannan in raka ka Barnawa, ya yi aikin da huɗuba goma bata yi ba.

Barnawar ma ai ita ce matsalar a bakin mutane. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan cikin garinmu, mutane daga jihohi suke tahowa, amma mu mun maida sunan abin zagi, an kai shi Barnawa yana nufin ya haukace. Mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su karɓi magani su hau Keke su koma wajen aiki, kamar kowane asibiti. Ga Asibitin 44 na sojoji, ga Barau Dikko, ga asibitin koyarwa na Shika. Inshorar lafiyar sojoji ma ta haɗa da 'yan ritaya, iyali su bincika katinsu. Maganin damuwa ba ƙwayar maye bace kuma ba rana ɗaya yake aiki ba, yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji canji, nan ne mutane ke yanke ƙauna su watsar, wasu kuma da sun ji sauƙi su daina kwatsam ciwon ya dawo. Shi firgicin kuma zama da masanin halayya a bi abinda ya faru daki daki shine babban maganinsa, yana da zafi a farko amma yana aiki.

Matan nan kuwa Allah kaɗai zai biya su. Su ne ke kwana da ido ɗaya, su ne ke shan naushi cikin barci daga mutumin da da safe bai ma san ya yi ba, su ne ke koya wa yara tafiya a hankali in Baba yana ɗaki. A Oktoban 2022 wajen aza harsashin cibiyar kula da wannan ciwon da ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda ta ɗauko a Abuja, Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta ya yi shekaru yana fama dashi, bayan yaƙin basasa da juyin mulkin da aka yi masa da wata 40 a tsare, kuma ita tana 'yar shekara 19 ta tsinci kanta tana jinyar abinda bata san kansa ba. Mutane suka maida abun siyasa da barkwanci a Facebook. Ni kuwa abinda na ji shine in Janar guda wanda ya mulki ƙasa ya kwana da wannan, ina ga kofur ɗin da ke haya a Rigasa. Sai dai haƙurin mace yana da iyaka kuma ya kamata ya kasance da iyaka, in abun ya kai duka da barazana da makami, ta fita da yaranta tukuna sannan a yi maganar jinya, ciwo ba lasisin dukan iyali bane.

In kana da irin wannan mutumin a gida ko a layinku, abubuwan da matar kawu ta lura dasu su ne abun lura, janyewa daga mutane, rabar da kayan da yake ji dasu, sallama da neman yafiya ba dalili, maganganu irin na zame muku kaya ko kun kusa hutawa dani, shaye-shaye ya ƙaru, ko natsuwa ta farat ɗaya bayan dogon ƙunci. Ka tambaye shi kai tsaye da sunan abun, in kai baka isa ba nemo wanda ya isa. Tambaya bata sa wa mutum tunanin da bashi dashi, an bincika wannan an sake bincikawa, sauƙi ma take kawowa. In yace eh kada ka hau wa'azi kada ka rantse masa zaka rufa asiri, kada a barshi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar ko washegari da sassafe. A kuma kawar da duk abinda zai iya cutar da kansa dashi, makami in akwai, tarin magunguna, maganin feshin gona da na ƙwari. Mutane suna raina wannan suna cewa wanda ya yi niyya zai nemi wata hanya, amma ba haka abun yake ba, tsananin yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci, in abun baya kusa mutum yakan kai safiya. Siri Lanka ta hana magungunan feshi mafi haɗari, tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100.

Hukuma kuma nata daban. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a saki tattabaru a busa bigila don tunawa da 'yan mazan jiya, manya su sayi tambarin tunawa da miliyoyi a gaban kyamara, sannan a cikin shekarun nan sau nawa muka ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu, wasu da sanda wasu da ƙafa ɗaya? A Mayun 2024 Yarima Harry na Ingila, wanda shima ya yi yaƙi a Afganistan, ya zo nan Kaduna ya shiga Asibitin 44 ya gaisa da sojojin da suka ji rauni, aka yi hotuna, aka yi maganar wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni, duk da kyau. Amma raunin da hoto ke ɗauka shine na ƙafa da hannu. Biyan mutum fanshonsa akan lokaci shima maganin ƙwaƙwalwa ne, don bashi da kunyar kasa ciyar da gida suna cikin manyan abubuwan da ke kai magidanci bango.

Abinda zan so in gani bashi da tsada. Kafin a sallami soja a zaunar dashi da likitan ƙwaƙwalwa kamar yadda ake auna masa jini da ido, ba tare da abun ya shafi kuɗin sallamarsa ba, don in ya san zai shafa ƙarya zai yi. A cikin shekarar farko wani ya dinga kiransa a waya, tsohon soja irinsa ba ɗan bautar ƙasa da takardar tambayoyi ba. Sannan duk inda ake tara su, taron ƙungiyarsu ta Lijiyon ne ko tantancewar fansho, a ajiye tebur ɗaya da nas ɗin ƙwaƙwalwa a gefen mai awon hawan jini, kowa ya bi ta nan dole daga Manjo har Kofur, yadda ba wanda za a nuna a ce ga wanda ya je ganin likitan mahaukata. Tambayar farko kuma ta zama yaya barci, don tsohon soja zai iya musanta komai amma in ka tambaye shi barci zai faɗa maka gaskiya.